Kabar da Kawu Ya Ɗaura

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Kawu ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a kan tabarmarsa ta zaure, bayan jinyar da ba ta kai mu asibitin Anka ba. Ba ƙi muka yi ba. Motar da ke shigowa garinmu ta daina zuwa tun da mutanen daji suka tare hanya, mai babur kuwa da ya dubi tsohon sai ya ce ba zai iya gudu da shi ba in an biyo su. Shi ma Kawu da ya ji ana shawarar, hannu kawai ya ɗaga ya ce a bar shi inda yake.

'Yan uwanmu na Gummi ta waya suka yi gaisuwa. Na Nasarawa Burkullu sun kamo hanya, suka ji labarin abin da ke gaba, suka juya. Mutanen gari ne kawai suka cika ƙofar gida, kuma duk wanda ya buɗe baki da "Allah shi jiƙan shi" sai ya ɗora da wata wahalar da tsohon ya taɓa ba shi. Wani dattijo da ya yi leburanci a ƙarƙashinsa ya ce, "Wallahi mutumin kirki ne, amma ya ba mu wuya. Har yau in na ga shebur bayana ka ciwo." Aka yi dariya, shi kuwa yana dariyar yana share ido da hannun riga.

Inna, wato mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa da suka fito ciki ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ɗaki da carbi, mata na shigowa suna ba ta haƙuri, ita kuwa magana ɗaya take ta maimaitawa: "Ya tahi bai sassaƙo min turmin da ya ce ba." Wasu suka ɗauka ruɗewar tsufa ce. Mu da muka san zancen, kanmu muka sunkuyar.

Abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu shi ne, yaran da suka taso yanzu suna ganin busasshiyar kaba a ɗaure saman ƙofar kowane zaure a garinmu, suna zaton maganin mayu ce. Ba maganin komai ba ce. Hannun Kawu ne, kuma ina so a san yadda aka yi ta hau can.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa yana shugaban leburori a aikin hanya, daga can ya dawo da wata cuta da ba ta bar shi ba har kabari: ba ya jin kalmar "an kusa". Ko matarsa, Allah ya jiƙanta, in ta ce tuwo ya kusa, sai ya leƙo madafa ya ce, "Kusa da ina?" In ɗansa ya ce an kusa gama noman gonar fadama, ba zai yi musu ba, takalmi kawai zai jawo ya ce, "Kai ni in gani." Mun sha tsokanarsa muna yara, mu ce ranar da aka ce masa Aljanna ta kusa ma sai ya ce a kai shi ya gani. Sai ya yi murmushi ya ce, "To ai gara, ja'irai."

Da zinari ya bayyana a dajinmu, kowa ya tsunduma. Maza na haƙo dutse, ana kai wa injin niƙa, wanda bai samu layi ba ya kawo gida mata su daka a turmi, su tankaɗe, su wanke. Ƙura a tsakar gida, ƙura a kan tabarma, yara na rarrafe a ciki suna kai hannu baki. Sai yara suka fara faɗuwa. Yaro na wasa da safe, da azahar ya sandare, idanu su kafe. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun zargi iska, mun zargi juna. Sai da likitoci suka zo suka ɗebi jinin yara suka ce gubar dalma ce, a cikin dutsen take, kuma ta riga ta shige ƙasar gidajenmu.

Sun zo da magani, amma da sharaɗi. Ba za su fara ba wa yaro ba sai an kankare ƙasar gidansu an zuba sabuwa, don in aka wanke jininsa ya koma cikin gubar, aikin banza aka yi. Saboda haka wasu ma'aikata suka zo da shebur da baro da tifa, da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan gubar. Za a bi gari unguwa unguwa, a kankare, a loda a buhu, a kai wani babban rami bayan gari, a kawo jar ƙasa mai tsabta daga tsallaken rafi. Kuma dole a gama kafin ruwa ya sauka, domin da zarar rafin nan ya cika, tifa ba ta ƙara ƙetarowa sai kaka.

Mai gari ya san ba magidancin da zai buɗe wa baƙi ƙofar gidansa haka kawai, sai ya ɗora Kawu a kan aikin. Shi zai ce yau gidan wane, shi zai ce an gama. Kawu ya sa aka fara da gidansa don kowa ya ga ba abin kunya ba ne. Da aka gama, mai na'ura ya auna ya ce ya yi, sai Kawu ya yanko kaba ya ɗaura a saman ƙofar zaurensa, ya ce daga yau duk gidan da aka ga wannan, to an gama, likita na iya karɓar yaran gidan. Ba wanda ke ɗaurawa sai shi. Wani magidanci ya taɓa ɗaura wa kansa don a yi saurin duba ɗansa, Kawu na wucewa ya gane ba ƙullinsa ba ne, ya tsinke ta ya miƙa wa mutumin a hannu.

Kullum bayan sallar asuba zai zaga da sandarsa, ya ga inda aka tsaya jiya, ya soka sandar a ƙasa ya ji ko zurfin ya kai. Da la'asar ya sake zagawa. In shugaban ma'aikata ya ce masa yau mun ci rabin unguwa, sai ya ce, "Rabi ba ya karɓar kaba. Gida nawa na ɗaura?" Amma akwai inda namiji ba ya kai ido: bayan ɗakin mata, ƙarƙashin gado, lungun madafa. Nan ne ya sa ni. Ni ce 'yar ƙanwarsa mai baki, wadda ba ta jin nauyin ɗaga tabarmar kowa. Ya raɗa min suna Idona. "Idona, shiga ki gano min." In na fito na ce lafiya lau, sai ya ce, "Ban tambaye ki lahiya ba. Mi kika gani?"

A lokacin ina goye da ɗiyata, ba ta daɗe da fara tafiya ba, bakinta kuwa ya riga ƙafarta buɗewa. Surutu kamar rediyo. Kawu na kiranta amaryarsa, ita kuma ta ja masa gemu. An ɗebi jininta, likita ta kira ni gefe ta ce gubar ta yi yawa, a yi ƙoƙari gidanmu ya samu shiga da wuri. To unguwarmu ce ta ƙarshe a tsari, don ita ce mafi nisa da injin niƙa, ƙasarta ba ta kai ta sauran muni ba. Na je na durƙusa gaban Kawu na ce ya tsallako da gidanmu gaba, gida ɗaya tak. Ya ce, "In na tsallako da naki, mi zan ce ma wadda ɗanta ya fi taki jin jiki?" Na ce ni ban san wata ba, tawa na sani. Ya ce, "Ni kuwa na san su duka." Na tashi na kaɗe zanena na fita ban yi masa sallama ba, da safe kuma na zo muka ci gaba da zagaye, don ba ni da wata hanyar da aikin zai iso gidana sai ta hannunsa.

Aiki ya yi nisa, an ci unguwar masallaci da ta 'yan kifi, kaba ta yi jere a ƙofofi. Gabas ta fara haɗa hadari da yamma yana watsewa. Ni kuwa kullum ina duban sama ina duban layin baro, ina cewa a raina saura kaɗan.

Rannan mai na'ura, wani saurayi mai sanyin hali, ya ce bari ya koma baya ya sake gwada gidajen da aka gama, haka tsarin aikinsu yake. Ya shiga wani gida ya fito fuskarsa ba daɗi. Ya shiga na biyu, na uku. Sabuwar jar ƙasar da aka zuba ta sake ɗaukar guba, ba ko'ina ba, wuri ɗaya a tsakar gida, kusa da madafa. Ya faɗa wa Kawu a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Abin da Kawu ya yi a ranar, har yau akwai waɗanda ba su yafe masa ba. Ya bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya yana kwance kabar da ya ɗaura da hannunsa. Mata na leƙe ta katanga suna salati. Ya tara ta a hammata ya je gaban mai gari ya zube, ya ce ba za a ƙara kankare gida ko ɗaya ba sai an san ta inda gubar ke komowa. Shugaban ma'aikata ya ce a ci gaba da gaba, a bar wasu su binciki baya, lokaci na ƙurewa. Kawu ya ce ƙasar da ake kawowa ba ta da yawa, in ana zubawa tana lalacewa, za a wayi gari an gama gari kaf ba a gama gida ko ɗaya ba. Kowannensu na da gaskiyarsa. Amma ƙofofin a hannun Kawu suke, saboda haka aiki ya tsaya.

Ba zan ce ya yi komai daidai ba. Da farko leburori ya ɗora wa laifi, ya ce ha'inci suka yi, ba su kankare da zurfi ba. Ya sa su suka sake tone wani gida har suka kai ga tsohon daɓe, rana na dukansu, aka auna ƙasan aka ga tsaf take. Gubar daga sama ta sauka, ba daga ƙasa ta taso ba. Kawu ya cire hularsa a gaban leburorin, har da yaran da ya haifi irinsu, ya ce, "Na zalunce ku. Ku yahe min." Dattijon nan da ya ce bayansa na ciwo, yana cikinsu. Daga nan ya zargi iska, ya zargi takalman masu dawowa daga rami, ya sa aka ajiye ruwan wanke ƙafa a kowane zaure. Aka sake aunawa, ba abin da ya canza.

Ni kuwa wuta nake ci. Na same shi a zaure na ce, "Kawu, kai kana neman gaskiya, ni ɗiyata ka mutuwa! Ka dubi gabas mana!" Ya ce, "Na duba." Na ce to a zo a yi unguwarmu ko da za ta sake lalacewa, likita dai ta ga kaba ta fara ba ta magani. Ya dube ni ya ce, "Kina so in ɗaura ƙarya a ƙohwarki?" Na ce eh, ina so. Wallahi haka na ce, kuma ko yau aka maido ni wurin haka zan ce.

Inna ce ta warware abin, ba tare da ta san ta warware ba. Ta shigo gidan Kawu da kwaryar gero tana mita, ta ce tun safe take aike a kawo mata turmin Kaka, an ce yana gidan liman, ta aika can an ce ya wuce unguwar 'yan kifi. "Kun kwashe turamen mutane kun kai rami, gari guda turmi guda, to da mi za a yi hura?"

Kawu ya ajiye buta. Ya ce, "Maimaita."

Ga yadda abin yake. Duk gidan da aka kankare, ana auna turminsa, in an taɓa daka dutse a ciki sai a haɗa da ƙasar a kai rami. Kusan duka sun tafi. Wanda ya tsira shi ne turmin Kaka, mahaifiyar su Inna, wani ƙaton turmin ƙirya da ke gidan Kawu. Ranar da aka yi gidansa ba ya nan, an are shi zuwa wani biki a rugar da ke bayan gari. Da ya dawo an riga an ɗaura kaba, gidan da aka ɗaura wa kaba kuwa ba mai sake duban kayan cikinsa. A garinmu ba a hana aron turmi. Ko kuna gaba da mace, in ta aiko yarinya ta ce a ba ta turmi, mirgina mata za ki yi. Haka turmin nan ya riƙa yawo gida gida, bai taɓa kwana inda na'ura take ba, kowace ta daka gerenta, ta kife shi ta bubbuga a tsakar gida kusa da madafa, ta tura wa ta gaba.

Aka mirgino shi ƙofar gida. Cikinsa duk tsaga ne saboda tsufa, a cikin tsagar akwai wani gari mai toka-toka. Mai na'ura ya zura hannu ya auna, ya ɗago ya gyaɗa kai. Kawu ya sa aka kira matar babban ɗansa, ya tambaye ta daga bayan zana. Ta fashe da kuka ta ce duk sa'ad da turmin ya dawo gida tana ɗan daka dutsen da mijinta ya kawo, kaɗan ne, ba ta zaci kaɗan na yin komai ba. A gidan mai ɗaurin kaba, a bayan ɗakin da yake kwana.

Bai daki kowa ba, bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya kai hannu saman ƙofar zaurensa ya kwance tasa kabar, ita ce ta farko da ya ɗaura. Sannan ya tuɓe babbar riga ya kwantar da turmin ya fara mirginawa da kansa. Inna ta sha gabansa. Ta ce shi ke nan abin da ya rage musu na uwarsu, a ciki aka daka gumbar sunansu, a wanke shi da toka da ruwan zafi mana, a ajiye a ɗaki ba mai taɓawa. Ya ce, "Gobe wata ta aiko aro, ke za ki hana?" Inna ta san ba za ta iya ba. Ya ce, "Matsa, zan sassaƙo miki wani." Samari suka zo za su karɓa ya hana. Haka ya bi tsakiyar gari a sunkuye, tsoho da furfura, har bakin rami. Inna ba ta ƙara cin abincin gidansa ba sai da shekara ta zagayo.

Aka koma baya aka gyara gidajen da suka lalace, aka sake ɗaura musu. Kafin a iso unguwarmu ruwa ya sauka, ruwa mai yawa, rafi ya cika ya tumbatsa. Tifa ta tsaya a tsallake da jar ƙasa a bayanta, muna hangenta tana hangenmu.

A cikin kwanakin nan ne ɗiyata ta faɗi. Tana zaune tana wasa da murfin kwano da rana tsaka, sai na ga ta karkace, ta sandare, kumfa na fita. Allah ya sa likitocin suna gari, suka karɓe ta a guje ba su tsaya zancen kaba ba, suka ceto ranta. Amma da ta farfaɗo, rediyon nan tawa ta mutu. Ba kiran Inna, ba kiran Kawu, ba komai, sai ido. Ƙafar hagu kuma ta riƙa ja.

Ranar da aka sallamo mu ban wuce gida ba. Na shiga zaurensa da mutane a zaune, na kwance goyo na ajiye masa ita a cinya na ce, "Ga aikinka nan. An gama. Ɗaura mata kaba." Kawu ya riƙe ta, ya kai gemunsa kusa da hannunta yadda ya saba, ba ta ja ba. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Bai ce min in yi haƙuri ba, bai ce ƙaddara ce ba, kuma na gode masa da bai ce ba.

Washegari ya bi gari ya tattaro duk mai jaki. Aka riƙa cika mangala da jar ƙasa a tsallake, ana ƙetarowa ta inda ruwa bai kai wuya ba, shi yana tsaye cikin rafi har ƙugu yana riƙe da igiya. Da jakuna aka gama unguwarmu. Da ya zo ƙofarmu da kaba a hannu, ya tsaya ya ce, "Idona, shiga ki gano min." Gidana ne, amma na shiga na ɗaga tabarma, na leƙa lungun madafa, na fito na faɗa masa abin da na gani. Sannan ya ɗaura.

Mutane kan tambaye ni ko na yafe masa. Na yafe tun tuni. Abin da ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, shi ne ko da bai tsayar da aikin ba da ɗiyata tana magana kamar kowa. Wataƙila. Wataƙila kuma da turmin nan ya ci gaba da yawo ya cinye yaran unguwa biyu har da tawa. Na juya wannan lissafi ta kowace fuska, ba ya fita. Shi ma na san bai fita masa ba, don tun daga lokacin bai taɓa fashin zuwa gidanmu da safe ba. Zai zauna a dakali ya ɗora ta a gefe ya ce, "Amarya, ce ruwa." Ya yi ta yi har ta ce wani abu mai kama da ruwa, sai ya juyo gare ni da murna kamar an ba shi kujerar Makka. 'Yan kalmomin da take da su yau, yawanci daga bakinsa ta tsince su.

Baƙi sun gama sun tafi, shi bai yarda an gama ba. Ya ce kuskurensa shi ne da ya ɗauka abin da aka ɗaure ya ɗauru. Duk shekara bayan girbi sai ya zaga gari ya sauya wa kowace ƙofa sabuwar kaba, amma sai an fito masa da turmin gidan ya zura yatsa ya shafo ƙasansa ya duba a rana. Ɗiyata na biye da shi tana jan ƙafa, in ya shafa ita ma ta shafa, ta ɗaga yatsa sama yadda ya yi. Turmin Inna kuwa, kullum sai ya ce bai samu icen da ya kai na Kaka ba tukuna. Inna ta ce, "An kusa ke nan?" Muka yi ta dariya.

Sai duniya ta sake juya mana. Gonakinmu na nesa suka gagara zuwa, wanda ya je ko ya dawo ko a kira waya ana neman kuɗin fansa. Shanu suka tafi. Injin niƙa da aka fitar can wajen gari ya zama wurin da ba mai son yini. Mutum na da baki goma a gida, gero ya ƙare, ga dutse ana saye. Ba sai an gaya wa kowa abin da zai biyo baya ba. Kawu yana kwance a lokacin, ƙafafu sun kumbura, girbi ya wuce bai zaga ba. Wata safiya ina wurin ya kira babban ɗansa ya ce yana jin wani daka da ba na gero ba. Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na ɗan lokaci ne. An kusa dainawa." Na zuba ido ina jiran ya ce a kai shi ya gani. Bai ce ba. Ya juya fuskarsa ga bango. A ranar na san mun rasa shi, sauran kwanakin jira ne kawai.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sa wahalar da ka sha a kanmu ta zame maka haske a kabari, ya yafe maka inda ka kuskure, ya yafe mana abin da bakinmu ya faɗa maka.

Ranar sadakar uku mata suka taru a gidan Kawu za a daka gumba. Aka jiƙa gero, aka fito da turmin gidan, aka aro wani daga maƙwabta. Ina can ina tsame gero sai na ga ɗiyata ta ratsa cikin mata tana jan ƙafarta. Ta dafa bakin turmin farko ta zura yatsa, ta shafo, ta ɗaga a rana. Ta je na biyu ta yi haka. Sannan ta zo ta miƙo min yatsun a gaban fuska. Duka biyun toka-toka.

Matar ɗan Kawu ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce a raba geron haka nan ɗanye, ba za a daka sadakar Kawu a cikin wannan ba. Na ja hannun ɗiyata muka ratsa zaure, maza cike a kan tabarmi suna ta matsa ƙafa suna mamakin mace a nan. Na taka dakali na kai hannu saman ƙofa. Kabar ta bara ce, ta bushe ƙayau, amma ƙullin nasa ne, sai da na sa haƙori.

Ɗan Kawu ya taso ya tsaya kusa da ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Na ji, 'yar uwa. To mi za mu ci?"

Ɗiyata ta karɓi kabar daga hannuna tana jujjuyawa. Ta dubi saman ƙofa inda ba komai, ta dubi tabarmar Kawu da babu kowa a kai, ta tattaro 'yan kalmominta da ƙyar ta ce min, "Inna, wa zai ɗaura?"

Sai muka ji taɓarya ta sauka a wani gida can bayan masallaci, ta sake sauka. Duk wanda ke zauren ya san ba gero ake dakawa ba.